Daga Ciyawa Zuwa Cuku: Yadda Na Bi Sawun Madara a Ƙauyen Déservillers na Faransa

Déservillers ƙaramin ƙauye ne a jihar Doubs da ke gabashin Faransa, kudu da birnin Besançon, a kan tudun Amancey, kuma mazaunansa ba su kai mutum 400 ba. Ba don wata takarda ta shekarar 1273 ba, wadda ta ambaci wurin haɗa cuku na gamayya a ƙauyen, da wuya a sami baƙon da ya taɓa jin sunansa. Can aka tura ni sa'ad da nake samun horo kan sarrafa madara a Faransa, bayan na yi wasu shekaru ina aikin kula da kiwo a jihar Maradi. Aikin da aka ɗora mini kashi biyu ne: in zauna a gonar wani makiyayi in bi madara tun daga bakin saniya har zuwa ranar da za a yanke wa cukun yankin, mai suna Comté, daraja, sa'annan in rubuta rahoto a kan ƙauyen kansa, wato ƙasarsa da tattalin arzikinsa da tarihinsa. Takardar yarjejeniya tsakanina da makaranta da mai gonar ba ta ɗauki lokaci ba, kowa ya sa hannu, aka nuna mini ɗaki da takalman roba, na kama aiki a ƙarshen watan Mayu.

Malaminmu ya ce in fara da taswira kafin in taɓa saniya, don haka ofishin magajin gari na fara zuwa. Sakatariyar ofishin ta buɗe mini kundin filaye, wanda asalinsa yana komawa ga dokar da Napoleon ya kafa a 1807 ta a auna kowane fili a ƙasar a ba shi lamba. Abin da ya fara ɗaukar hankalina shi ne ƙarancin gonakin hatsi. Kusan duk abin da ba daji ba ne fili ne na ciyawa, wani na kiwo wani na yanka, in ban da 'yan wurare da ake shuka sha'ir da alkama don ciyar da dabbobi. Ƙauyen yana zaune ne a tsayin da ya haura mita 600 daga bakin teku, hunturu yana da tsawo, dusar ƙanƙara na sauka, kuma ruwan saman da ake samu a shekara ya fi ninki biyu na wanda muke samu a Maradi. Da wannan ruwan, mutum zai zaci ko'ina ƙorama ce da tafki, amma taswirar ta nuna 'yan ƙoramu ne kawai, su ma kowace tana tafiya kaɗan sai layinta ya yanke a tsakiyar fili.

Da na taka da ƙafa na ga dalili. Ƙarƙashin siririyar ƙasar noma farin dutse ne mai narkewa a hankali, irin wanda ake haƙa a Malbaza don yin siminti, kuma ruwa ya daɗe yana cin sa har ya zama ramuka da koguna a ɓoye. Ɗan mai gonar ya kai ni bakin ramin da suke kira Biefs Boussets, inda ƙorama ke gangarowa ta faɗa cikin duhu ta ɓace, ya kuma nuna mini wani mai suna Baume des Crêtes. Waɗannan ramuka ƙofofi ne na kogunan Verneau, hanyoyin ƙarƙashin ƙasa da aka auna tsawonsu ya haura kilomita 30, kuma ruwan da ya nutse a Déservillers yana ɓullowa ne a Nans-sous-Sainte-Anne, a cikin kwari, ya shiga kogin Lison, Lison kuma ya zuba a kogin Loue. Mutanen yankin suna son ba da labarin abin da ya faru a watan Agusta na 1901, lokacin da gobara ta tashi a masana'antar giya ta Pernod a Pontarlier, aka malalar da giyar cikin kogin Doubs, bayan kwana biyu sai aka ji ƙanshinta a mafarin kogin Loue, wanda ke can nesa a wani kwarin dabam. Daga ranar aka tabbatar cewa duk abin da aka zubar a saman wannan dutse zai fito a wani wuri, kuma da sauri. Na rubuta wannan a rahotona a matsayin bayanin ƙasa kawai, sai daga baya na ga ashe shi ne tushen babbar rigimar da ke gaban manoman yau.

Ƙasa irin wannan ba ta ba da hatsin kirki, amma tana ba da ciyawa, kuma ciyawa ita ce dukiyar ƙauyen. Gonar da na zauna ta iyali ce, uba da ɗansa, a ƙarƙashin tsarin haɗin gwiwar manoma da ake kira GAEC, wanda dokar 1962 ta samar. Shanunsu duka irin Montbéliarde ne, ja da fari masu farin kai, irin da ya samo asali daga shanun da makiyaya Kiristoci mabiya ɗariƙar Mennonite suka zo da su daga yankin Bern na Suwizalan a ƙarni na 18, aka kuma amince da shi a hukumance a 1889. Dokar cukun Comté ba ta yarda da madarar kowace saniya ba sai ta wannan iri ko ta Simmental ta Faransa, kuma saniya ɗaya tana ba da fiye da lita 6,000 a shekara.

Tatsa sau biyu ce a rana, da asuba da kuma yamma, babu ranar hutu, kuma doka ta hana amfani da injin da ke tatsa da kansa ba tare da mutum ba. Muna kora shanu daga makiyaya tun gari bai gama wayewa ba, su jeru a ɗakin tatsa, mu kuma muna tsaye a wani rami da aka gina domin hantsar saniya ta zo daidai ƙirjin mai aiki. Maigidan ba ya wanke kan nonon da ruwan magani yadda aka koya mana a wasu wuraren. Yana goge shi ne da busasshen zaren katako, yana cewa ƙwayoyin halittar da ke jikin fatar suna cikin abin da ke ba cukun ɗanɗano, don haka ƙazanta yake cirewa ba su ba. Bayan gogewa sai a matso tsirtuwar farko a wani kofi mai baƙin gindi a duba ko akwai gudaji, alamar ciwon hantsa, sa'annan a maƙala bututun tatsa. Saniyar da aka yi wa allurar magani ana ɗaura mata jan ƙyalle a ƙafa, a tatse ta daban a zubar da madarar, domin ɗigon maganin da ya shiga tankin zai kashe ƙwayoyin da ke ɗaure cuku, ya lalata madarar maƙwabta gaba ɗaya. Ita kuwa madarar da ta shiga tanki ba a sanyaya ta ƙwarai kamar ta kanti, ana tsayar da ita ne a wajen digiri 12, saboda ɗanya za a yi aiki da ita ba tare da an dafa ba, kuma dole a fara sarrafa ta cikin awa 24.

A watan Yuni aka shiga yankan ciyawa, kuma a nan na ga hankalin gidan ya tashi fiye da kowane lokaci. An haramta wa masu madarar Comté ciyar da shanu da ciyawar da aka rufe ta yi tsami, irin wadda yawancin gonakin Turai suka dogara da ita, domin tana ɗauke da ƙwayoyin da ke kumbura cuku ya tsage a ma'ajiya. Abin da ya rage shi ne ingirici, busasshiyar ciyawa, wadda za ta riƙe garke tun daga Nuwamba har Afrilu, a ƙasar da ruwan sama ba ya ba da sanarwa. Maigidan yana duba hasashen yanayi a wayarsa ya fi a ƙirga, in ya ga rana za ta yi kwana uku a jere sai a fita da injin yanka, a baza, a juya, a tara layi-layi, a kwashe tun ba ta gama bushewa ba a kai rumbu. A rumbun akwai babbar fanka da ke hura iska ta ƙarƙashin tarin, da wani ƙugiya mai tafiya a kan dogo a jikin rufi, wanda ke ɗaukar ciyawa yana shimfiɗawa. Ana sake yanka na biyu wajen Agusta, wanda ya fi laushi, shanu kuma sun fi son sa. Kafin zuwan injuna da lauje ake wannan aiki, kuma maƙerar da ke ƙera laujunan tana nan a Nans-sous-Sainte-Anne, ruwa ke juya gudumominta, ta rufe a 1969 ta zama wurin yawon buɗe ido. Wani abokin gaba da ban zata ba shi ne ɓeran ƙasa, wanda kan yi yawa bayan 'yan shekaru ya tone fili har ya koma tulin ƙasa, ingiricin ya cika da turɓaya.

Dokokin ba su tsaya nan ba. A lokacin da nake can, kowace saniya dole ta sami aƙalla hekta ɗaya na ciyawa, abincin ƙari irin na hatsi da dusa ba zai wuce kilo 1,800 a shekara ga saniya ba, an hana abincin da aka sauya wa ƙwayar halitta, kuma an ƙayyade yawan madarar da za a iya fitarwa daga kowace hekta. Da farko abin ya yi mini kama da ɗaure kai da igiya, domin duk horon da na samu a baya yana koya mana yadda za a ƙara yawan madara ne. Na tambayi maigidan wa ya ɗora musu wannan nauyi, sai ya ce, "Ba wanda ya ɗora mana. Mu muka rubuta, mu muka kaɗa ƙuri'a, sa'annan muka kai wa gwamnati ta sa hatimi."

Bayan na saba da gona sai aka mayar da ni gidan cukun da ƙungiyarsu ta mallaka, wanda a yankin ake kira fruitière. Akwai irinsa kimanin 140 a duk yankin Comté, suna karɓar madara daga gonaki wajen 2,400, kuma doka ta ce kowane gida zai tattara madararsa ne a cikin da'irar da faɗinta bai wuce kilomita 25 ba. Manoma ne masu gidan, su ke zaɓen shugaba a cikinsu, shi kuwa gwanin cuku ma'aikacinsu ne da suke biya albashi, yawanci wanda ya yi karatu a makarantar madara ta Mamirolle, wadda aka kafa a 1888, ko ta Poligny, wadda ta biyo baya a 1889.

Aiki yana farawa tun ƙarfe huɗu na asuba. Motar tanki ta riga ta zagaya gonaki, an ɗebi samfurin madarar kowa a 'yar kwalba don awo. Ana cire ɗan kaso na mai a daidaita madarar, sa'annan a zuba ta a manyan tukwane na jan ƙarfe, kowace tana cin kusan lita 5,000, domin doka ta ce jan ƙarfe ne kawai, kuma tukunya ɗaya ba za ta fitar da cuku fiye da 12 ba. Ana ɗumama ta zuwa digiri 31 ko 32, a zuba tsamin da aka raina daga ruwan cukun jiya, a ƙara sinadarin da ake samu daga tumbin maraƙi mai shan nono, sai a tsayar da komai a jira. Bayan kimanin rabin awa madarar ta daskare. Gwanin yana da na'urori a bango masu nuna zafi da tsami, amma ban taɓa ganin ya yanke hukunci da su kaɗai ba. Yakan tsoma wani faffaɗan ludayi a karkace ya ɗago, ya dubi yadda daskararren ya tsage, in bakin tsagin ya fita sumul ruwan da ya taru a ciki kuma ya yi garau, sai ya danna maɓalli wuƙaƙen waya su fara yanka. Ana yanka har gudajin ya koma girman ƙwayar alkama, sa'annan a ɗaga zafi a hankali zuwa wajen digiri 55 ana juyawa ba tsayawa. Nan ne ya sa ni in miƙa hannu cikin tukunyar, ga zafi, in damƙo gudajin in matse a tafina in karya dunƙulen. In ya manne ya yi danƙo, da saura. In ya karye ya warware da murzawa, yana ƙara a haƙori idan an tauna, to ya yi. Tsakanin waɗannan biyun 'yan mintuna ne, kuma a cikinsu ne kuɗin gidaje da yawa yake rataye.

Daga nan famfo ke zuƙe gudajin da ruwansa zuwa cikin mazubai masu zagaye, ruwan ya tsiyaye, a manna wa kowane cuku wani ɗan koren tambari da aka yi da furotin madara, mai ɗauke da lambar gidan, a gefensa kuma ranar da aka yi shi. Ana danne shi na sa'o'i da dama, a fitar, a shafa gishiri, a jera a kan katakon épicéa, itacen da ya cika dazukan yankin. Cuku ɗaya yana cin lita 400 na madara ko fiye, nauyinsa wajen kilo 40, faɗinsa ya haura rabin mita. Ruwan da ya tsiyaye ba a zubar da shi: wani a kai masana'anta a busar ya zama gari, wani a ba aladu, waɗanda da namansu ake yin tsiran Morteau da yankin ke alfahari da shi. Tun ranar farko na gaya wa uwargidan ba na ci, ita kuma ba ta sake sa mini a faranti ba.

Wannan lita 400 ita ce mabuɗin tarihin ƙauyen, kuma da ita na tafi ma'adanar tsofaffin takardu ta jihar Doubs a Besançon. A ƙarni na 13 babu talakan da ke da shanun da za su ba shi lita ɗaruruwa a yini ɗaya, ga shi kuwa ƙaramin cuku ba ya jure ajiya, babba mai tauri ne kaɗai zai kai iyali ƙarshen hunturu, ya kuma jure tafiya zuwa kasuwa mai nisa. Sai gidaje suka riƙa haɗa madararsu wuri guda, kuma tsarin ya yi kama da adashi: kowa na zubawa kullum, ana yi wa kowa tsaga a jikin sanda gwargwadon abin da ya kawo, ranar da bashin da wani yake bin jama'a ya fi na kowa, cukun ranar nasa ne, shi zai kawo itacen hura wuta ya ciyar da gwanin. Gishiri kuwa yana kusa, a Salins, garin da wani basarake mai suna Jean de Chalon ya mallaka a 1237 ya yi arziki da rijiyoyin gishirinsa, har ya gina ganuwa a Montmahoux, maƙwabcin Déservillers, don tsaron hanyar fatake. An ci gaba da dafa gishiri a Salins har 1962.

Wani abin da ya ba ni mamaki shi ne, wannan ƙauye mai magana da Faransanci ya yi ɗaruruwan shekaru ba a ƙarƙashin sarkin Faransa ba. Lardin Franche-Comté yana cikin daular Jamusawa ta da, daga baya ya faɗa hannun gidan sarautar Habsburg, har sarkin Sifen ya zama mai shi, babban birninsa kuma Dole ne ba Besançon ba. Tsakanin 1634 da 1644 aka yi yaƙin da suke kira na shekara goma, sojojin Faransa da na hayarsu suka ƙone garuruwa, suka cinye Pontarlier a 1639, annoba da yunwa suka biyo baya, lardin ya rasa aƙalla rabin mutanensa. Baƙi daga Savoie da Suwizalan ne suka zo suka cike kufai, a cikinsu har da gwanayen cuku daga yankin Gruyère, shi ya sa aka daɗe ana kiran cukun nan gruyère na Comté. Sarkin Faransa Louis na 14 ya ci lardin da yaƙi a 1674, yarjejeniyar Nijmegen ta 1678 ta tabbatar masa da shi. Jerin ƙidayar jama'a ya nuna ƙauyukan tudun sun fi cika a tsakiyar ƙarni na 19, daga nan suka riƙa zubewa zuwa birane, yaƙin 1914 zuwa 1918 ya kwashi samari, injuna kuma suka sa gona ɗaya ta haɗiye goma. A yau yawancin masu aiki a ƙauyen ba manoma ba ne, da mota suke fita kullum zuwa Besançon ko Pontarlier ko Ornans, inda kamfanin Alstom ke ƙera injunan jirgin ƙasa. Ita ma hukumar ƙauyen tana da daji nata, tana sayar da katako ta yi hidimar gari, tana kuma raba wa magidanta rabon itacen girki da ɗumama ɗaki, sai dai tun daga farin 2018 wani ƙwaro mai huda ɓawo ya kashe itatuwan épicéa masu yawa a jihar, farashin katako ya faɗi.

Mataki na ƙarshe na bin madarar ya kai ni ma'ajiya. Cuku yana yin makonni kaɗan a gidan da aka yi shi, sa'annan a kai wa masu nunar da shi, waɗanda sana'arsu dabam ce. Mafi shahara a cikin irin waɗannan wurare ita ce ganuwar Saint-Antoine, wadda aka gina don tsaron iyaka bayan yaƙin 1870 da Jamusawa, wani mai sana'ar nunar da cuku, Marcel Petite, ya mai da ita ma'ajiyar cuku a 1966, kuma tana ɗaukar kimanin cuku 100,000. Doka ta ce kwana 120 ne mafi ƙarancin ajiya, amma da yawa suna wuce shekara. Injuna ne ke juya su suna goge bayansu da ruwan gishiri, amma hukunci na mutum ne. Mai ma'ajiyar da na bi yana riƙe da wani ɗan ƙarfe, kai ɗaya guduma, ɗayan kuma kwarmin huda. Yana ƙwanƙwasa cukun yana saurare, in ya ji sautin ya canza ya san akwai tsagi a ciki, sa'annan ya huda ya zaro siririn yanki, ya sansana, ya murza, ya ɗanɗana, ya mayar da bakin ya toshe ramin. Cukun madarar damina rawaya ne saboda ɗanyar ciyawa, na hunturu kuwa fari-fari ne. Ana ba da maki a kan 20: wanda ya haura 14 a ɗaura masa koren ɗamara, mai 12 zuwa 14 ya sami ruwan ƙasa, wanda bai kai 12 ba a cire masa sunan Comté gaba ɗaya a sayar da shi a narka.

A taron ƙungiya ne na fahimci yadda kuɗin ke dawowa ƙauye. Sunan cukun yana da kariya tun hukuncin kotun Dijon na 1952 wanda ya shata yankinsa, da dokar 1958, da amincewar Tarayyar Turai a 1996. Hukumar CIGC, wadda aka kafa a 1963, ta haɗa manoma da gidajen cuku da masu ma'ajiya a teburi ɗaya, kuma ita ke sayar da koren tambarin nan da na ga ana mannawa. Tambarin ƙidayayye ne, wanda ba shi da shi ba zai yi Comté ba, ta haka suke riƙe yawan cukun da ke shiga kasuwa ko bayan da Turai ta soke ƙayyade madara a 2015. Kowane wata ana fitar da matsakaicin farashin da aka sayar da cuku, daga shi ake lissafa rabon mai ma'ajiya da na gidan cuku, gidan ya cire albashi da kuɗin wuta, abin da ya rage a raba wa manoma gwargwadon lita da ingancin madarar kowa. A lokacin da nake can lita 1,000 tana kawo musu fiye da Yuro 600, alhali mai madarar gama-gari bai kai 500 ba. Taron bai rasa hayaniya ba, har wani dattijo ya buga teburi a kan kuɗin sabuwar tukunya, amma kowa yana riƙe da takardar lissafi iri ɗaya. A ganina wannan takardar ta fi tukunyar jan ƙarfe wuyar kwaikwayo. Matan da ke yin cuku a Tahoua da Abalak ba gwaninta suka rasa ba, abin da ba su da shi shi ne hanyar sanin nawa aka sayar da kayansu a Yamai, da ikon hana wani ya sayar da jabu da sunansu.

Babin da ya fi ba ni wahala a rahoton shi ne na kogi. A 2010 aka sami mutuwar kifaye masu yawa a kogin Loue, kogin da masunta daga ƙasashe da dama ke zuwa dominsa, kuma tun lokacin masu kare muhalli suke nuna yatsa ga takin shanu, musamman ruwan kashin da ake fesawa a filaye, wanda ke bin ramukan dutsen nan ya gangara kwari ba tare da ƙasa ta tace shi ba. Manoma suna cewa magudanan garuruwa da magungunan da ake zuba wa katako da ɗumamar yanayi su ma suna da hannu, kuma gaskiya ne, amma nasu kason ba ƙarami ba ne, tun da kyawun farashi ya sa kowa yana so ya cika iyakar madarar da aka yarje masa. Maigidana yana da taswirar da aka shafa wa launi, tana nuna filin da zai iya fesa taki, da wanda sai da sharaɗi, da wanda ƙasarsa ta yi siriri har an hana, kuma ba ya fesawa a kan ƙanƙara ko a bakin rami. Duk da haka tankinsa kan cika kafin ƙarshen hunturu, shi ya sa ya ci bashin banki don ya faɗaɗa shi. A lokacin da nake can ana ta muhawara a kan sabon kundin dokoki, wanda zai ɗaga filin kowace saniya daga hekta 1 zuwa 1.3, ya hana gona ɗaya wuce lita miliyan 1.2 a shekara, ya kuma ƙayyade shanu 50 ga kowane manomi. Ɗan gidan yana goyon baya, domin a cewarsa in kogin ya mutu sunan cukun zai bi shi. Uban kuwa lissafi yake yi, ya gano cewa a gonarsu sabuwar dokar tana nufin ko su sami ƙarin fili haya, wanda babu shi a kusa, ko su sayar da wasu daga cikin karsanan da suka raina.